Makarɓan nikotin a ƙwaƙwalwa da farfaɗiyar da ke zuwa cikin barci

Tambaya daga wata malamar sakandare a Tudun Wadan Zariya: Ɗana mai shekara 12 yana zabura cikin barci, ya yi ƙara, ya riƙa shure-shure kamar mai tuƙa keke, kafin minti ɗaya ya lafa ya koma barcinsa. Wani daren abin ya yi ta maimaituwa har asuba. Mun daɗe muna kai shi ruƙiyya kafin likita ya ce farfaɗiya ce, ya kuma ambaci wasu makarɓan nikotin da ke cikin ƙwaƙwalwa. Ƙanin mahaifinsa ya yi irin wannan da ƙuruciya, kuma yana rantsuwa cewa tun da ya fara shan sigari abin ya rabu da shi. Ilimin halittu nake koyarwa, don haka a yi mini bayani dalla-dalla. Mece ce alaƙar nikotin da farfaɗiya, kuma da gaske taba magani ce?

Malama, Allah Ya ba yaro lafiya, Ya kuma saka miki da haƙurin kwanan zaune. Mai yiwuwa baffan nasa ba ƙarya yake yi ba, domin likitoci a wasu ƙasashe sun ga irin abin da ya faɗa. Amma taba ba magani ba ce, kuma nikotin ɗin da zai iya kwantar da farfaɗiya a ƙwaƙwalwar mutum ɗaya shi ne ke tayar da jijjiga a ta wani. Wanne daga ciki zai faru ya danganta da yawan nikotin ɗin, da tsawon zamansa a jiki, da kuma irin makarɓin da mutum ya gada. Tunda darasin halittu kike koyarwa, ba zan taƙaita miki ba.

Kin san ƙwayoyin jijiya ba a manne suke da juna ba. Akwai ɗan sarari tsakaninsu, kuma saƙo yana tsallaka shi ne ta hanyar sinadari. Ɗaya daga cikin waɗannan sinadarai shi ne asetilkolin, wanda jiki ke yi da kansa. Idan ƙwaya ta sake shi, sai ya sauka a kan wani furotin da ke jikin fatar ƙwaya ta gaba, wato makarɓi. Asetilkolin yana da makarɓai iri biyu. Henry Dale ne ya bambanta su a 1914 a Ingila: iri ɗaya yana amsa wa gubar wani naman ƙasa mai suna muskarin, ɗayan yana amsa wa nikotin na ganyen taba. Tun kafin haka, a 1905, John Langley na Jami'ar Kambirij ya ɗiga nikotin a kan tsokar kaza, ya ga ta ƙame, ya ce lallai akwai wani abu a jikin tsokar da ke karɓar wannan sinadari. Saboda haka duk ɗan Adam yana da makarɓan nikotin tun yana ciki, ko da bai taɓa jin warin taba ba. Na asetilkolin ne, nikotin shigar burtu kawai yake yi musu.

Shi makarɓin ƙofa ce. Guntaye biyar na furotin ne suka yi da'ira, suka bar rami a tsakiya. Idan asetilkolin ya zauna a gurbinsa, ramin zai buɗe na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, sodiyam da kalsiyam su kwarara ciki, fotasiyam ya fita, lantarkin ƙwayar ya motsa. Nan take wani sinadari mai narkarwa zai farfasa asetilkolin ɗin, ƙofa ta koma ta rufe. A 1970 Jean-Pierre Changeux ya fara ware wannan furotin a Cibiyar Pasteur da ke Faransa, daga jikin wani kifi mai lantarki na Kudancin Amurka, mai irin aikin minjiryar da masuntanmu suka sani. Shi ne makarɓin saƙon jijiya na farko da aka taɓa warewa, shi ya sa aka san shi fiye da sauran.

Guntayen nan ba iri ɗaya ba ne. Akwai jinsin alfa da jinsin beta, kowane da lambarsa, kuma yadda aka haɗa su shi ke nuna halin ƙofar. Na jikin tsoka daban ne, su ne waɗanda dafin wasu gamsheƙa ke toshewa har numfashi ya gagara. A nan Zariya ma an yi aiki a kan wannan, lokacin da David Warrell yake Jami'ar Ahmadu Bello a farkon shekarun 1970 yana nazarin saran maciji. A ƙwaƙwalwa kuwa iri biyu suka fi yawa. Akwai alfa-4 beta-2, wanda ya fi kowa kwaɗayin nikotin, shi ne tushen jarabar sigari. Akwai kuma alfa-7, wanda guntayensa biyar duk iri ɗaya ne, yana barin kalsiyam ya shiga da yawa, yana buɗewa da sauri ya rufe da sauri.

Akwai abubuwa biyu game da waɗannan ƙofofi da idan kika riƙe su, sauran bayanin zai zo da sauƙi.

Na farko, a ƙwaƙwalwa yawancinsu ba su ne ke ɗaukar ainihin saƙon ba. Suna zaune ne a bakin jijiya, daidai inda take sakin nata sinadarin, suna ƙara mata ƙaimi. Idan ƙofar tana kan jijiyar da ke sakin gulutamet, wanda ke zuga ƙwaƙwalwa, buɗewarta za ta ƙara zuga. Idan tana kan jijiyar da ke sakin GABA, wanda ke taka birki, buɗewarta za ta ƙara birki. Idan kuma a kan ta dofamin take, mutum zai ji daɗi ya nemi ƙari. Ƙofa ɗaya ce, amma sakamakon ya danganta da inda aka kafa ta. Wannan ya sa duk wanda ya ce miki nikotin yana tayar da ƙwaƙwalwa kawai, ko yana kwantar da ita kawai, rabin magana ya faɗa.

Na biyu, ƙofar tana gajiya. Idan abin da ke buɗe ta ya daɗe a kanta bai tashi ba, sai ta rufe ta ƙi sake buɗewa, ko da yana nan zaune. Asetilkolin ba ya cika jawo haka saboda nan da nan ake narkar da shi. Nikotin kuwa wancan sinadari mai narkarwa ba ya iya taɓa shi. Sai hanta ta yi aikinta, kuma tana ɗaukar kimanin awa biyu kafin ta rage rabinsa a jini. Don haka nikotin yana fara buɗe ƙofofi ne, daga baya ya kurumtar da su. Ki riƙe wannan, domin a nan labarin baffan yaro yake.

Yanzu ga ciwon da likitanku yake zato. A 1981 wasu likitoci biyu a birnin Bolonya na Italiya, Lugaresi da Cirignotta, suka bayyana mutanen da ke yin irin wannan fizge-fizge cikin barci, amma suka ɗauka matsalar motsi ce ba farfaɗiya ba, saboda gwajin lantarkin ƙwaƙwalwa bai nuna komai ba. A 1994 Ingrid Scheffer da Samuel Berkovic da abokan aikinsu a Melbon ta Ostireliya suka nuna cewa farfaɗiya ce da ke tasowa daga ɓangaren goshi na ƙwaƙwalwa, tana bin dangi, kuma an daɗe ana kuskurenta da mugun mafarki ko taɓin hankali. Kin ga ba mu kaɗai muke fassara ta da wani abu daban ba. Mu mun ce iska ko aljanu, su sun ce mafarki.

A 1995 Ortrud Steinlein ta Jami'ar Bon a Jamus, tare da waɗancan na Ostireliya, suka gano musabbabin a wani babban dangi na can. Kuskure ne a ƙwayar gadon da ke ƙera guntun alfa-4, wadda ake kira CHRNA4, a kan kuromosom na 20. A cikin amino asid sama da 600 da ke jikin wannan guntu, guda ɗaya tak ya canza, fenilalanin ya zauna a gurbin serin, kuma daidai a bangon ramin da sodiyam ke bi. Wannan ita ce ƙwayar gado ta farko da aka taɓa kamawa da laifin farfaɗiyar da ba rauni ko wata cuta ce ta kawo ta ba, kuma daga nan binciken gadon farfaɗiya ya buɗe. A 2000 aka sami irin wannan kuskure a guntun beta-2, wato CHRNB2 a kuromosom na 1, a wani dangi na Italiya. A 2006 aka same shi a alfa-2, wato CHRNA2 a kuromosom na 8. Bayan wani taron ƙwararru a Bolonya a 2014 aka canza wa ciwon suna daga farfaɗiyar goshi ta dare zuwa farfaɗiyar barci mai yawan motsi, domin an lura ba dare ne ke kawo ta ba, barci ne. Ko ƙailula yaro ya yi tana iya zuwa. An kuma lura ba kullum daga goshi take tasowa ba.

To me kuskuren yake yi wa ƙofar? Da aka dasa waɗannan gurɓatattun makarɓai a jikin ƙwan kwaɗo a ɗakin gwaji aka auna su, abin da yawancinsu suka yi tarayya a kai shi ne saurin amsawa. Ɗan asetilkolin kaɗan da ba zai motsa lafiyayyar ƙofa ba ya ishe su su buɗe.

Dalilin da ya sa sai cikin barci kuwa shi ne, asetilkolin yana cikin manyan sinadaran farkawa. Daga gindin ƙwaƙwalwa jijiyoyinsa ke tashi zuwa talamus, wanda shi ne mahaɗar saƙonni, wasu kuma daga ƙasan goshi zuwa ɓawon ƙwaƙwalwa. Idan mutum yana farke yawansa a sama yake, haka ma lokacin barcin mafarki. A barcin da ba na mafarki ba yakan yi ƙasa sosai. Sai dai wannan barci ba shimfiɗe yake ba. Kowane mai barci yana yin ƴan guntayen farkawa sau da yawa a dare, ya juya, ya gyara mayafi, ya koma bai sani ba, kuma kowace irin wannan farkawa tana zuwa da ɗan feshin asetilkolin. A wannan lokaci ƙwayoyin talamus da na ɓawo dama suna kaɗawa tare a kan kari ɗaya, wanda haka barci ya gada. Idan feshin ya faɗa kan ƙofofi masu saurin amsawa, abin da ya kamata ya zama juyi ɗaya a kan katifa sai ya zama tashin wutar lantarki a ɓangaren da ke sarrafa manyan motsin jiki. Shi ya sa kike ganin shure-shure da birgima da ihu, maimakon sandarewa da kumfar baki da mutane suka sani da farfaɗiya.

Akwai wani abu a nan da ya ba masu bincike mamaki. Da aka ƙirƙiri ɓeraye masu irin wannan kuskure, aka ba da rahoto a 2006 cewa abin da ya ƙaru ƙwarai a ɓawon ƙwaƙwalwarsu shi ne sakin GABA, wato birki. A hankalce birki ya kamata ya hana farfaɗiya. Amma ki tuna farfaɗiya ba yawan aiki kaɗai ba ce, aikin ƙwayoyi masu yawa ne a lokaci guda. Ki ɗauki mai ba da hannu a Ƙofar Doka da yamma. Idan yana sakin ababen hawa kaɗan-kaɗan, hanya tana tafiya. Idan ya tsayar da kowa ta kowace fuska, motoci da babura da Keke Napep suka taru, sannan ya sauke hannu gaba ɗaya, kowa zai danno a daƙiƙa ɗaya. Birki mai ƙarfi da ya kama dubban ƙwayoyi tare yana sakinsu tare, kuma wannan haɗuwar ita ce farfaɗiya. Wata hanyar kuma ita ce jijiyoyin birki su taka wa ƴan'uwansu jijiyoyin birki, sai masu zuga su sami sake. Masana suna kuma ganin cewa tunda waɗannan makarɓai suna da hannu a yadda jijiyoyi ke haɗuwa tun yaro yana ciki da farkon rayuwa, wani ɓangare na matsalar a ginin hanyoyin ne tun asali. A ganina duka ukun suna da rabo, kuma rabon ya bambanta daga dangi zuwa dangi.

Mu dawo kan baffa. Idan matsalar ƙofa ce mai saurin buɗewa, kuma nikotin da ya daɗe a jiki yana kurumtar da ƙofa, kin ga lissafin ya fito da kansa. A 2003 likitoci a Ostireliya suka ba da rahoton wata mata mai kuskuren CHRNA4 da magunguna suka kasa, aka liƙa mata filastar nikotin, farfaɗiyar ta ragu ƙwarai, har aka gwada da filastar bogi don a tabbatar ba zato ba ne. A 2006 wani nazari a kan dangi biyu a ƙasar Nowe ya nuna cewa masu amfani da taba a cikinsu sun fi samun sauƙi a kan waɗanda ba sa yi. A 2020 likitocin Nowe suka sake ba da rahoton wasu yara ƙalilan masu wannan kuskure da filastar ta taimaka musu. Saboda haka maganar baffa tana da inda ta dogara.

Amma ki dubi iyakar wannan hujja. Mutane ne ƙalilan, dukkansu an tabbatar da kuskuren ta gwajin ƙwayar gado, yawanci bayan magungunan da aka saba sun gaza, kuma a ƙarƙashin idon likita. Ko a cikin dangogin da wannan ciwo ke bi, waɗanda ake samun kuskuren makarɓin nikotin a jikinsu ba su kai kashi 20 cikin 100 ba. Wasu nasu kuskuren a wata ƙwayar gado ce daban, irin su KCNT1 da DEPDC5, waɗanda ba ruwansu da nikotin. Wasu kuma wani ɗan tabo ne a ɓawon ƙwaƙwalwa da hoton MRI kan nuna. Ga kuma wani abu: wannan ciwo yakan fara ne da ƙuruciya, yawanci kafin shekara 20, kuma a wurin mutane da dama yana sassautawa da kansa idan sun girma. Shekarun da samari ke fara sigari su ne kusan shekarun da ciwon ke iya fara ja da baya. Baffa ba shi da hanyar da zai bambance wanne ne ya yi masa aiki.

Sannan filasta da sigari ba abu ɗaya ba ne. Filasta tana sakin nikotin a hankali, daidai wa daida, dare da rana, abin da ake buƙata ke nan idan ana so ƙofa ta zauna a kurumce. Sigari kuwa yana harba nikotin zuwa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20, ya hau ya sauka, kuma mafi ƙarancinsa a jini yana zuwa ne a ƙarshen dare, lokacin da mai wannan ciwo yake barci. Ƙwaƙwalwar mashayi kuma tana mayar da martani ta hanyar ƙara yawan makarɓan, shi ya sa kara ɗaya ke komawa kwali. A ƙara da hayaƙin da ke lalata jijiyoyin jini, alhali shanyewar ɓarin jiki tana cikin manyan abubuwan da ke kawo sabuwar farfaɗiya ga manya. Ba wa yaro ɗan shekara 12 taba da sunan magani, garin neman gira ne a rasa ido.

Ɗaya fuskar nikotin ita ce ta guba, kuma ita muka fi gani a asibiti. Masu binciken magunguna sun daɗe suna amfani da allurar nikotin mai yawa don tayar wa ɓeraye jijjiga da gangan. Karan sigari ɗaya yana ɗauke da nikotin kimanin miligiram 10 zuwa 12, wanda mai zuƙa ke samun kusan 1 kawai daga ciki, amma yaron da ya tauna ya haɗiye yana iya samun fiye da haka nesa ba kusa ba. Haka garin taba da tsofaffi ke ajiyewa a ɗan gwangwani, haka ruwan sigarin lantarki mai ƙanshin alewa da ya fara shigowa hannun matasa. Gubar tana bin matakai biyun da na faɗa miki. Da farko amai, dalalar miyau, zufa, bugun zuciya da sauri, rawar jiki, wani lokaci jijjiga. Daga baya, idan ƙofofi sun kurumce, jiki ya saki, bugun zuciya ya ragu, numfashi ya yi rauni. Manoman da ke tsinkar ɗanyen ganyen taba da raɓa a jikinsa su ma nikotin yana ratsa fatarsu ya sa su jiri da amai, kuma ƙasar Zazzau, da ta daɗe da noman taba da masana'antar sigari, ba baƙuwar wannan ganye ba ce. A kudu maso yammacin Najeriya likitocin yara sun daɗe da rubuta illar wani jiƙo na fitsarin saniya da ganyen taba da ake ɗura wa yaro mai jijjiga. Yana karya sukarin jini, yana danne numfashi, ya mayar da jijjigar zazzaɓi da za ta wuce da kanta ta zama ta ajali. A Amurka ma hukumar kula da abinci da magunguna ta sanar a 2019 cewa ta karɓi rahotanni 127 na jijjiga da makamantanta a wurin masu zuƙar sigarin lantarki, ko da yake rahoto kaɗai bai isa hujjar cewa shi ne sanadi ba.

Fiya-fiya da sauran magungunan ƙwari na jinsinsa suna shiga wannan babi ta wata ƙofa. Su suna kashe sinadarin da ke narkar da asetilkolin ne, sai ya taru ya yi ambaliya a kan makarɓai iri biyun. Jijjigar da ke biyo baya ta fi farawa ta makarɓan muskarin, sannan gulutamet ya riƙe ta, amma motsin tsoka da shanyewar numfashi aikin makarɓan nikotin ne. Gidan da ke da mai farfaɗiya ya kamata ya yi nesa da fesa irin wannan a ɗakin kwana.

Shi ma alfa-7 yana da nasa labarin, a gajarce. Ƙwayar gadonsa, CHRNA7, tana kan kuromosom na 15, kuma a 2009 aka gano cewa kusan mutum 1 cikin 100 na masu farfaɗiyar gado da ke kama ƙwaƙwalwa gaba ɗaya sun rasa ɗan yankin da take ciki. A can ƙofa ta yi saurin buɗewa, a nan ƙofa ce ta yi ƙaranci, kuma duka biyun sun kai ga farfaɗiya.

Kada wannan dogon bayani ya sa ki ɗauka yawancin farfaɗiyar da ke garin nan daga nan take. Irin ta ɗanki ba ta da yawa. Wani ƙiyasi a Italiya ya sa ta kusan mutum 2 cikin 100,000, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu farfaɗiya a duniya sun kai kimanin miliyan 50. Abin da ya fi kawo ta a wurinmu shi ne doguwar naƙuda da ta hana jariri iska, zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, sanƙarau, faɗuwa a babur ba hular kwano, da shanyewar ɓarin jiki. A tsakanin matasa kuma taramol yana tayar da jijjiga ko ga wanda ba shi da ciwon.

Game da gado, tunda na san maganar za ta taso a cikin gida. Irin wannan kuskure kwafi ɗaya ya isa, daga uwa ko daga uba, don haka ba auren zumunci ke kawo shi ba, kuma ba laifin kowa ba ne. Duk ɗan da mai ɗauke da shi ya haifa yana da rabi da rabi na gadonsa, mace ko namiji. Cikin masu ɗauke da shi kuma kusan 7 cikin 10 ne ciwon ke bayyana a jikinsu. Wannan zai iya bayyana yadda baffa ya yi, uba bai yi ba, ɗa ya yi. Ki tambayi tsofaffin gidan a hankali ko akwai wanda aka sani da firgita ko tafiya cikin barci, domin sau da yawa da wannan sunan ciwon yake ɓuya. Yawancin masu shi basirarsu lafiya lau, suna karatu suna aure. Idan kin ga yaro yana gyangyaɗi a aji ko makinsa ya sauka, ki fara zargin barcin da ke yankewa, kada a yi masa hukuncin daƙiƙi.

Abin da zai fi taimakon likita a hannunki yake. Gwajin lantarkin ƙwaƙwalwa, wato EEG, da rana yakan fito lafiya a wannan ciwo, domin wurin da wutar ke tashi yana da zurfi, kuma motsin jiki yana ɓata rubutun na'urar. Ki ɗauki bidiyo da waya, da fitila a kunne, jikin yaro duka ya fito, ba tare da mayafi ba, kuma ki ɗauki fiye da ɗaya. Gani ya kori ji. Abin da muke nema shi ne ko kowane tashi kwafin ɗan'uwansa ne. Firgitar barci ta yara takan zo sau ɗaya a farkon dare, ta ɗauki mintuna, kowace da kamanninta, yaro ya tashi a rikice bai tuna komai ba. Wannan kuwa gajeriya ce, ba ta cika kai minti biyu ba, tana farawa farat ɗaya ta tsaya farat ɗaya, tana maimaituwa a dare guda, kuma sau da yawa yaro yana sane, har ya ce miki ya ji kamar an shaƙe shi ko tsoro ya rufe shi. Ki rubuta lokacin kowane tashi a littafi, ki tafi da shi da bidiyon wurin likitocin ƙwaƙwalwa na yara a Asibitin Koyarwa na Shika.

Maganin da aka fi farawa da shi shi ne kabamazafin, wanda mutane suka fi sani da Tegretol. Kusan kashi biyu cikin uku na masu wannan ciwo suna samun sauƙi da shi, sau da yawa da ƙaramin awo, mafi yawansa da dare. Ainihin aikinsa a kan ƙofofin sodiyam ne, amma wani gwaji a 1999 ya nuna yana toshe gurɓataccen makarɓin nikotin fiye da yadda yake toshe lafiyayye, wanda wataƙila shi ne sirrin dacewarsa da wannan ciwo. A makonnin farko ki sa ido kan fata. Ƙuraje, ko gyambon baki, ko jan ido da zazzaɓi, a koma asibiti a ranar. Kada a tsayar da magani kwatsam don an ga sauƙi ko don azumi ya zo, a je a tsara lokutan sha da likita. Rashin barci da damuwa suna tayar da ciwon, saboda haka kallon ƙwallo har tsakar dare da karatun dare na jarrabawa ba nasa ba ne. A sauke katifarsa ƙasa, a kawar da abin da zai buge. Idan ya tashi kada a danne shi, kada a sa masa cokali a baki, kada a ɗura masa komai. Idan ya wuce minti biyar bai lafa ba, ko ya koma sandarewar jiki duka yana maimaitawa bai farfaɗo ba, asibiti kai tsaye. Addu'a ba ta hana shan magani, a haɗa su. Maganar filastar nikotin kuwa ba ta tasowa sai magunguna sun gaza, an yi hoton ƙwaƙwalwa, an kuma tabbatar da kuskuren ta gwajin ƙwayar gado, wanda ke da tsada kuma ba kowane asibiti ke yin sa ba.

Shi kuma baffa, idan ya yi niyyar barin sigari, kuma ya kamata ya yi, to kada ya yanke shi dare ɗaya ba tare da ya ga likita ba, ya kuma faɗa masa tarihin ƙuruciyarsa. Idan har yana ɗauke da kuskuren, janye nikotin kwatsam zai iya dawo masa da tashin dare, kuma a wurinsa filasta da ake rage ƙarfinta a hankali ta fi dacewa. Cikin ƙwayoyin da ake bayarwa don barin taba, bufurofiyon haramun ne ga duk mai tarihin farfaɗiya domin yana tayar da ita. Bareniklin kuma, wanda ke zama a kan alfa-4 beta-2 ɗin nan da muke magana, hukumar magunguna ta Amurka ta ƙara masa gargaɗin jijjiga a 2015, don haka shi ma sai likita ya auna kafin ya rubuta masa.